A Bar Mana Kan Dutsen Ganin Wata

Zuwa ga Babban Injiniya mai kula da aikin fasa dutse na sabon titin da zai ratsa ƙasar Gwaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi maka sannu da aiki, ranka ya daɗe, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Hauwa'u. Ni ce matar da ke sayar wa leburorinku tuwo a rumfar da ke bakin shingenku, a gindin dutsen da ke bayan ƙauyenmu, kusa da Fagam. Ban yi boko ba, allo na yi. Da ajami na rubuta wannan takarda, malamin firamarenmu ya juya ta zuwa boko don ta shiga jarida, domin na sha zuwa ƙofar ofishinka kunya tana mayar da ni.

Na farko, ina so ka san abin da ke saman dutsen, don na tabbata ba a gaya maka ba. A can ƙololuwa akwai wani faffaɗan fale mai lotsawa kamar mazauni. Daga nan ake ganin inda sama ta haɗu da ƙasa gabas da yamma, ba kuka ba ɗorawa da ke tare ido. Garinmu a kwari yake, daga tsakar gida sai wata ya kwana biyu muke ganinsa. A falen nan mahaifinmu ya zauna duban jinjirin wata har ƙarfinsa ya ƙare, yayana Malam Sule ya gaje shi. Idan an ga watan azumi ko na Salla, ana cinna wa damin kara wuta a wurin, ƙauyukan kewaye su hango, kowa ya ɗauki niyya. Ɗaure damin nan aikin matan gidanmu ne. Tun rasuwar Inna, ni ke ɗaurewa.

Na biyu, ba wata kaɗai ake dubawa ba. Wannan ba bokanci ba ne, ba kuma duban ƙaddarar kowa ba, Allah Ya tsare mu. Lissafi ne. Taurarin nan da muke kira Kaza da 'ya'yanta suna ɓacewa a ƙarshen bazara, sai kuma su ɓullo a gabas da asuba. Malam yakan hau bayan sallah ya nemo su, ya sauko ya ce wa mutane ruwan da aka yi na zama ne ko na wucewa. Bara an yi ruwa mai ƙarfi da wuri, matasa suka ɗauki sungumi. Malam ya ce, "Ku dakata, Kaza ba ta fito ba." Waɗanda suka yi gaggawa irinsu ya ƙone a rami, suka dawo neman aron iri. Ruwa na Allah ne, amma Shi ne Ya sa alamomi a sama don mu duba.

Wasu cikin yaranku suna yi mini dariya, wai yanzu rediyo ke faɗin wata. Gaskiya ne, ni ma ina sauraro. Sai dai ita rediyon ba ta da ido. Wani bawan Allah ne a wani wuri ya ɗaga kai ya gani, ya shaida, sannan aka faɗa. Idan kowane gari ya ce a jira rediyo, wa zai duba?

Na uku, abin da ya faru. Da za a duba watan Sha'aban, Malam Sule ya zo da sandarsa bayan la'asar zai hau kamar kullum. Ya tarar an ja waya mai ƙaya a kan hanyar. Maigadinku, mutumin kirki ne ban ɓata shi ba, ya ce umarni aka ba shi, kowa kada ya wuce. Ya ƙara da cewa, "Baba, me za ka ɗauko a sama? Tsakuwar ma a ƙasa ake sayarwa." Leburori suka yi dariya. Malam ya juya da sandarsa ya koma gida. Daf da magariba kuma aka tayar da nakiya, ƙura ta rufe yamma har duhu ya shiga. Rediyo na azumi da na Salla take faɗa, don haka ba mu san ranar da Sha'aban ya tsaya ba sai da labari ya zo daga Birnin Kudu ranar kasuwa.

Na huɗu, kuma shi ne mai nauyi a kaina. Lokacin da ake yi wa yayana dariya, ina tsaye taku kaɗan daga wurin, ludayi a hannuna, ina zuba wa maigadin miya. Malam ya dube ni. Na sunkuyar da kai na ci gaba da zuba miya. Na ji tsoron a tashi rumfata. Tun da mijina ya rasu, ban taɓa samun abin rufin asiri kamar na aikin nan naku ba. Ɗana Habu ma yana cikin masu huda dutsen da ake cusa nakiya. Zanen da ke jikina, da kwanon rufin ɗakina, daga dutsen nan suka fito. Saboda haka ba zan tsaya in ce ku ne azzalumai ni ce mai tsarki ba. Kowace ƙara da ta girgiza garin nan, da rabona a ciki. Malam har yau yana aiko mini da gaisuwa, bai taɓa tayar da maganar ba, kuma shirun nasa ya fi faɗa zafi a gare ni.

Jiya Habu ya kasa cin abinci. Da na matsa masa, ya ce an shafa jan fenti a kan falen, kafin azumi za su kai gare shi, kuma shi aka sa ya huda. A wurin nan kakansa ya koya masa sunayen taurari.

Malamin da ya juya mini takardar nan ya ce a wasu ƙasashe gwamnati da kanta ke gina ɗaki a kan duwatsu masu tsawo, ta kafa manyan madubai na hangen nesa, saboda iskar can ta fi tsabta, kuma da abin da suke gani ake daidaita lokaci da kalanda. Ban gani da idona ba, ba zan rantse ba. Amma idan haka ne, to abin da wasu ke kashe dukiya su gina, mu Allah Ya ba mu tushensa kyauta, ga shi za a niƙe shi a shimfiɗa a ƙarƙashin kwalta.

Ba titi nake ƙi ba. Na ga mai naƙuda ta rasu a kan amalanke kafin a kai asibiti. Roƙona shi ne, ku ci gindin dutsen da gefensa, ku bar mana ƙololuwar. A bar 'yar ƙofa a shingen don mai hawa. A daina tayar da nakiya da yamma a ranar duban wata. In kuma gwamnati, a wannan zamani na arzikin mai, za ta kafa ko ƙaramin madubi ne a wurin, 'yan boko da malaman zaure su riƙa dubawa tare, da mun gode. Ina kuma roƙo kada a huce a kan Habu, bai san na rubuta ba. Idan akwai wanda za a kora, rumfata tana nan.

Na riga na ɗaure damin karan bana. Ranar duban watan azumi zan sauke tukunya da wuri, in ɗauki damin a ka, in bi bayan Malam zuwa bakin shingen. Idan an hana shi wucewa, wannan karon a gefensa za a same ni.

Allah Ya ƙara maka girma, Ya tsare ka da ma'aikatanka daga haɗarin aikin nan, Ya kai mu azumi lafiya.

Wassalam.

Hauwa'u mai tuwo,
daga gindin dutse, ƙasar Gwaram.