A Mayar wa Yaranmu Filinsu Kafin Daji Ya Ɗauke Su

Zuwa ga Mai Unguwarmu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ne Garba mai gyaran babur na bakin hanyar Bukkuyum, mahaifin tagwayen nan Hassan da Husaini. Sau uku ina zuwa zaurenka ana ce mini kana hutawa, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Bazarar da ta wuce da sanƙarau ya shigo, ka hana ƙwallo a filin bayan makaranta, wai gudu cikin rana ke jawo ciwon. Muka bi umarni, muka cusa samari a ɗaki cikin zafin nan. A ɗakin Hassan ya kamu, kwana biyu muka kai shi makwancinsa. Ban ɗora maka ba, lokacinsa ne ya yi.

Na biyu. Husaini shekarunsa sha shida. Bayan rasuwar, abu ɗaya ke sa shi cin tuwo: ya saci jiki ya zagaye filin nan da gudu har ya jiƙe da gumi. Ranar da ya yi gudu yakan yi barci, har ya tsokani Innarsa.

Na uku. Ciwo ya wuce, damina ta sauka, sai muka ga gero ya tsiro daga wannan raga zuwa waccan. An ce naka ne. Ashe ranar da ke kashe ɗan ƙwallo ba ta taɓa mai noma.

Yanzu Husaini ba ya gudu, ba ya magana. Wuni yake a gindin tsamiya wajen masu sayar da fetur a kwalba. Ranka ya daɗe, babur sana'ata ce, na san babur ɗin da ya fito daga daji ko da an wanke shi. Masu irinsa ke tsayawa wurin, suna saya wa yara shayi. Ranar kasuwar da ta wuce na ga sabuwar waya a hannunsa, ba ni na saya ba. Wallahi tsoro nake ji.

Roƙona, da zarar ka girbe, ka bar filin, ka sa a yi shela yara su koma wasa. Ba nawa kaɗai ke zama gindin tsamiyar ba, jiya har autanka na gani.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare mana zuri'a baki ɗaya.

Wassalam.
Garba mai gyaran babur