Hannu a Ƙarƙashin Farin Hankici

Dumyat, farkon Rajab.

Zuwa ga maigidana, Abu Mamduh,

Bayan sallama da gaisuwar girmamawa, ina fata ciwon bayanka ya lafa, zafin Jidda kuma bai galabaitar da kai ba. Mu nan sai godiya.

Ban saba kawo maka ƙarar yayanka Shaukat ba. Amma jiya na kai wa ɗanmu Mamduh abinci a shago, inda yake haɗa gado da kabad na ɗakin amaryarsa, na ga abin da ba zan iya haɗiyewa ba. Akwatin nan da ka ƙera, wanda ake kwantar da katako a ciki a tura shi a gicciye ta kan zarton inji, hannu nesa da haƙora, Yaya Shaukat ya rataye shi a bango, har ya ɗora rigarsa a kai. Murfin zarton ma ya cire. Ɗanmu da tafin hannu yake tura gajeren katako, bakin katakon jingine da ƙarfen awo na gefen zarton. Kai ka sha faɗa a gabana cewa haka ne guntu ke maƙalewa ya yi tsalle, ya ja yatsu zuwa haƙora.

Da na yi magana, sai Yaya ya ɗaga hannunsa mai yatsu uku yana dariya, ya ce, "Haba matar ƙanena! Kafintan Dumyat mai yatsu goma ai bai gama koyo ba. Akwati na matsorata ne. Abin da aka rubuta ba ya kuskure." Ma'aikata suka bushe da dariya. Mamduh ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da yanka.

Maganarsa ta ƙarshe ta fi ƙona min rai. Mutum ya yi ganganci, sannan ya lulluɓe shi da rigar ƙaddara! Hannu amana ne. Da wane hannu yaron zai riƙe na surukinsa ranar ɗaurin aure, in an rufe hannayensu da farin hankici?

Na tambayi kaina ko don Allah nake fushi, ko don an yi min dariya. Ban sami amsa mai tsabta ba. Duk da haka ba zan yi shiru ba.

Allah ya tsare ka.
Matarka, I'itidal.

Dumyat, ƙarshen Sha'aban.

Zuwa ga maigidana, Abu Mamduh,

Aminci ya tabbata gare ka. Yaya jiki, yaya aiki? Mun yi baƙin cikin hana ka hutu da aka yi.

Ka rubuto cewa in bar wa maza harkar shago. Ka gafarce ni, ban bi ba. Kullum da hantsi nakan ɗauki kujera da carbina in zauna a shagon. Yaya yana ta tsokana: "Ku gyara yanka, ga babbar usta, shugabar kafintoci, ta iso!"

Rannan Mamduh yana yanke ƙafar gado, guntu ya maƙale tsakanin zarto da ƙarfen awo, ya taso kamar jifa, ya same ni a goshi. Jini ya ɓata mayafina. Da aka kashe injin, na ga ƙarshen hannun rigar ɗanmu a yage, fatarsa kuwa ko ƙwarzane babu.

Na dubi Yaya na ce, "Wannan ma rubutacce ne. To, wa ya rataye akwatin?"

Da yatsunsa uku ya sauko da shi, ya kakkaɓe ƙura, ya mayar da murfin zarton. Har yau ba ya gaishe ni. Na aika masa agwagwa da albasa, ya dawo da kwanon ba a taɓa ba. Ina tsoron na ji daɗin kunyatar da dattijo, ina kuma neman gafara a kan haka. Amma mamaki nake: sai da jinin mace ya zuba kafin maza su yarda da abin da suka sani tuntuni?

Ran Alhamis aka ɗaura aure. Na zauna cikin mata da tabona a goshi. Mamduh ya riƙe hannun mahaifin yarinyar, malam ya rufe hannayensu da farin hankici, aka karanta Fatiha. Da aka janye hankicin, mata suka ɗauki guɗa. Ni ban yi guɗa ba, Abu Mamduh. Yatsu nake ƙirgawa, kuma sun cika.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.
Matarka, I'itidal.