Ba Fiɗe Ka Za A Yi Ba

Ya farin watana, gamjina mai inuwa, madarar sassafe, angona mai furfura, Baban Sajo!

Cinka mini wannan tukuna: wace tsohuwa ce za a kai maƙabarta alhali tana tsakar gida tana tankaɗe?

Labari ya iso ni har Garo cewa ka sulale daga asibiti a Kano da hularka a hannu, ka laɓe a Durun, ɗakin ƙaninka Dabo, kana kurɓar jiƙon saiwa. Wayyo zakina! Wai don likita ta ce za a hura maka ciki da iska kafin a cire matsarmamar da ta cika da tsakuwa, sai ka tuna yadda kake hura ragon layya kafin ka fiɗe shi. Ashe duk shekarun nan rago nake wa shimfiɗa?

Ina saurayin da ya tsaya a filin sharo saboda ni, bulala na tsaga masa haƙarƙari yana murmushi a madubi? Yau ramuka huɗu da za a huda maka a ciki, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba, sun kore ka gari guda! 'Yar fitila za su zura, su leƙa, su zaro abar, kwana biyu ka dawo kana yi mini tsegumin gishirin miya.

Ni fa, shekara tara da suka wuce, da ƙodojinka suka mutu, aka kwantar da ni aka yanka, aka ɗebo tawa aka dasa maka. Tabona ya kai taƙi guda. Ka ji na gudu?

Likita ta faɗa a gabanmu: magungunan dashen sun kwantar da garkuwar jikinka, in matsarmamar ta ruɓe ba za ka ji zafin kirki ba sai ta gama da kai. Jiƙon Dabo kuwa ƙodar yake ci.

Ka koma ran Litinin, sanyin idona, matsoracina. In ka ƙi, wallahi jikokinka goma sha ɗaya za su ji tatsuniyar Ragon Durun, da waƙarta, da amshi.

Taka, wadda ba ta da wani tsoho sai kai har ƙasa ta rufe mata ido,
Zinnira.

Tsohuwar nan ni ce. Ƙodata ta hagu tana cikinka, ranar da aka sa ka a rami da ita za a rufe.