Hankalin Baba Yana Nan

Yendi, 9 ga Rajab, 1357

Zuwa ga Baffa Jibirilu a Salaga,

Gaisuwa da girmamawa. Ina gajiyar fatauci, yaya jikin Inna Fulera? Allah ya ƙara sauƙi.

Wasiƙarka ta iso, wai a kai Baba Bawku gidan mai maganin mahaukata a sa masa mari. Baffa, ka yi haƙuri, ba zan yarda ba. Kai labari aka kai maka, ni kuwa ni ke ba shi koko a baki.

Ranar da ya faɗi yana alwala, hannunsa da ƙafarsa na dama suka mutu, baki ya karkace. Yanzu komai zai faɗa, "to, to" kawai ke fita, har ya fusata ya yi jifa da buta. Wannan jifar ce ake kira hauka. Malamin asibiti ya zo, ya ja tsinke a tafin ƙafarsa, babban yatsa ya ɗaga sama. Ya ce jijiya ce ta toshe a kai, ta tafi da magana ta bar hankali. Ni ma na gwada. Duk abin da na ambata a ɗakin, da hagu yake nuna mini shi, bai taɓa kuskure ba.

'Yarka,
Mansuratu

Yendi, 2 ga Sha'aban

Baffa,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mutanenka biyu sun iso da marinsu. Na ba su ruwa da tuwo, na zaunar da su gaban Baba, na ɗauko Tabaraka ina karantawa. Da gangan na tsallake aya ɗaya. Wallahi ya dinga dukan buzu da hannu har sai da na koma na gyara. Alidu, babban cikinsu, ya sunkuyar da kai. Ko Azahar ba su jira ba, suka tafi.

Ba zan ɓoye maka ba, na gaji, kuma raina ya ɓaci da kai. Shekara talatin Baba yana koyar da 'ya'yan mutane, kai ma a hannunsa ka sauke. In za ka zo, ka zo ka gaishe shi, ka dube shi ka yi masa magana, domin yana ji. Wasiƙar nan taka ma na karanta masa. Ya juya fuska bango, ranar bai ci komai ba.

Wannan tawa kuma na karanta masa kafin in naɗe, na ce in ya yarda da ita ya sa hannu. Tawadar da ke ƙasa, yatsansa ne na hagu.

Wassalam,
Mansuratu