Kiran da Ban Amsa Ba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Mak. Yaya gwiwar taki? Ina gaida yayana Daeng Rusli da maƙwabtanmu na Bulukumba da duk mutanenmu na Sulawesi.

Ni dai lafiya lau nake a nan Sabah, tsallaken teku. Kullum da yamma ina yi wa baƙi jagora cikin kurmin bakin teku, mu hau tudu su kalli faɗuwar rana. Ƙafafuna sun saba, sauro ma ya gaji da jinina.

A nan ba a kiran sunan mutum a kurmi, in kuma ka ji an kira ka, ba ka amsawa. Shi ya sa shugabanmu Pak Jumat "Doguwa" yake ce mini.

Shekaranjiya muna kan tudun, teku ya yi ja wur, sai na ji "Suriani!" daga bayana. Muryarki ce sak, yadda kike kirana cin abinci. Har na juya, Pak Jumat ya damƙe hannuna.

Na ce, "Uwata ce!"

Ya ce, "Iyo ta yi daga Sulawesi da gwiwar nan tata? Rufe baki, Doguwa, mu sauka."

Na yi dariya, na sauko da baƙina ko tuntuɓe babu. Wallahi ban ji tsoro ba. Barci ne dai ya ƙi zuwa.

In ke ce, ki yafe mini. Ki sa Daeng ya bugo ranar Juma'a, ya ba ki wayar. Ki fara da sunana, Mak. Lokacin ba na cikin kurmi, zan amsa.

'Yarki,
Suriani