Takalmin da Ka Aiko wa Lukuman

Unguwar Dilimi, Jos,
Watan Maris, 1978.

Zuwa ga ƙanena Ibrahim, a Legas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Binta da yara, ya kuma sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau muke. Maimunatu ta rabu da ciwon haƙorin da ya dame ta, Kubra kuma ta shiga aji uku. Ina so ka lura cewa wannan rubutu na hannuna ne, domin na kammala ajin yaƙi da jahilci. Daga yau babu wani marubuci tsakanina da kai, saboda haka abin da zan faɗa ka ɗauke shi da nauyinsa.

Magana ce a kan ɗanka Lukuman, wanda ka bar mini amana. Ka sani yana cikin waɗanda za su yi tseren dogon zango a ƙarshen watan nan, kuma waɗanda suka zo gaba su ne za a ba gurbi a makarantar kwana. Takalmin gudun da ka aiko masa ya iso, fari tas, da dunduniya mai kauri kamar burodi. Allah ya saka maka da alheri. Amma ka yi abin da mahaifinmu yake yi mana, wato ka sayo wanda ya fi ƙafarsa don ya girma a ciki, har sai da Maimunatu ta cusa auduga a bakin takalmin. Wannan dabara tana da kyau ga riga da wando. Ga mai gudu kuwa cuta ce. Tun da yaron ya fara sa shi gudunsa ya sauya: yana miƙa ƙafa can gaba, yana dira a kan dunduniya, ana jin tahowarsa tun daga bakin layi. Ba a jima ba gwiwarsa ta hagu ta kumbura.

Ba da ka nake magana ba. Ka tuna na yi shekaru ina masinja a kamfanin kuza, ina kai saƙo daga bariki zuwa bariki a kan duwatsun nan, kuma gwiwata ba ta taɓa ciwo ba. Gudu yana da ƙa'ida. Mutum ya tsai da jikinsa sosai, ya riƙa taku gajere gajere da sauri, ya sauka a kan gaban tafin ƙafa, dunduniya ta biyo baya a hankali. Ƙafa tana bukatar ta ji ƙasa, domin idan ta ji tsakuwa ita da kanta take sassauta dira. Idan aka lulluɓe ta da katifa, sai ta yi ta dukan ƙasa ba ta sani ba, gwiwa kuma ta sha wahala.

Saboda haka na kai shi wurin Cletus, mai gyaran takalma a bakin kasuwar Katako. Ya ɗora ƙafar yaron a kan robar taya, ya zana, ya yanka ta siririya, ya sa mata igiyar fata. Da ya juya naka a hannu sai ya yi dariya, ya ce wannan na oga ne mai zuwa ofis a mota, in ya gudu ma ruwan sama ne ya koro shi. Na hana Lukuman gudu har kumburin ya saɓe, sannan muka fara kaɗan kaɗan a kan hanyar Jos Jarawa, ni a keke shi a ƙasa. Yanzu in yana gudu a bayana sai na waiga kafin in san yana nan. Na tabbata in ya shiga fili a haka, kaɗan ne za su riga shi.

Ga inda matsala take. Yaron ya ce ranar tsere ba zai shiga fili ba sai da takalmin babansa. Ya ce da guminka ka saya, kuma ka faɗa wa direban da ya kawo cewa kana so ɗanka ya tsaya cikin jama'a ba a raina shi ba. Na tuna masa cewa ni ne babba a gidanmu. Ya durƙusa ya ce haka ne, Baba, amma ba kai ka aiko ba, don haka ba kai za ka ce a ajiye ba. Na yi fushi, daga baya kuma na ga tarbiyyar da muka ba shi ce take aiki.

To, Ibrahim, maganar tana hannunka. Ka rubuto masa, ko ka ba direba saƙon baki, cewa ka yarda ya yi tsere da na roba, naka kuma ya bar wa Juma'a da Sallah. Babu mai raina wanda ya zo na ɗaya saboda abin da ke ƙafarsa. Kada ka jinkirta. Idan amsarka ba ta iso kafin ranar ba, naka zai ɗaura, ni kuma zan tsaya a bakin fili ina kallon ɗanka yana ɗingishi saboda biyayya gare ka.

Maimunatu tana gaishe ka, tana gai da Binta ƙwarai. Kubra tana gai da ƙannenta. Lukuman ya ce in miƙa gaisuwarsa, yana kuma jiran umurninka. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanka,
Malam Jika.