Shafukan da Tanna Ba Ta Karanta Ba

Korgom, 3 ga Nuwamba 1984

Yaya Gado,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina 'yan lakwal, ɗaliban makarantarku? Mu nan sai godiya, ko da yake bana gero ko kai bai fidda ba.

Littafin Faransancin nan da ka aiko mini na kai rabinsa, wallahi ya hana ni sakat. 'Yan fashi sun tsare wata likita, aka kira mutum guda ya yi magana da su, ashe shi ne mai son ta. Amma ko sau ɗaya bai ambaci sunanta ba. Sai tambayarsu yake ko sun ci abinci, ko uwar babbansu tana da rai. Da farko na ji haushinsa, na ce wannan wace irin soyayya ce mai sanyin tuwon jiya. Daga baya na gane tsoronsa guda ne, kada masu bindigar hukuma da ke waje su gaji da jira.

Ba banza na kawo maka wannan zance ba. Raƙuman maigidana, uban Biba, sun fasa rumbun iri a wani ƙauye kusa da Hawandawaki, sun cinye damman da mutane suka hana 'ya'yansu don shukar baɗi. An tsare shi a zauren mai gari Na Allah, an ce sai manyansa sun zo. Manyan kuwa duk sun yi kudu da dabbobi. Gobe ni zan tafi. Ina jin tsoro, Yaya.

Ƙanwarka,
Tanna

Mayahi, 8 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Tanna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta same ni, hankalina ya tashi ƙwarai. Littafi na aiko miki don ki rage kewa, ba don ki mai da shi malaminki ba.

Direban kamiyon da ya kawo wasiƙar ya bi ta ƙauyen. Ya ce kwananki uku kina dakan dussa tare da matar mai gari, ko bakin zauren ba ki leƙa ba, mijinki Illo kuwa yana zaune an sa masa gadi. Wannan ba sulhu ba ne, ɓata lokaci ne. Ƙasa tana da hukuma. In ban ji daga gare ki ba zuwa kasuwar Litinin, zan je wurin kumandan.

Allah ya tsare. Yayanki,
Gado

Daga ƙauyen, 10 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Haba Yaya, boko ya mantar da kai gida? Yaushe baƙo ya fara buɗe baki da buƙata kafin masu gida su tambaye shi? Dussar da na daka da Hassana, matar mai gari, ita ce maganar.

Rana ta huɗu Na Allah da kansa ya sa aka kira ni, ya ce, "Ɗiyata, me ke tafe da ke?" Na kwance irin geron da Inna ta bar mana a tulu, na ajiye gabansa. Ya daɗe yana juya ƙwayar a tafinsa. Sannan ya ce, "Ba don mugunta muka riƙe shi ba. Mun rasa wanda za mu nuna wa rumbun ne." Ya kai ni, na gani, na yi kuka.

Juma'a mai zuwa bayan masallaci za a sake shi gaban jama'a, don kada kowa ya ji kunya. Don Allah, don darajar Inna, kada ka je wurin kumandan.

Tanna

Mayahi, 15 ga Nuwamba

Tanna,

Ina gaishe ki, in har za ki amsa. Wasiƙarki sai jiya Laraba ta iso, kamiyon ya kafe cikin rairayi kwana biyu. Ni kuwa tun Litinin na je. Ina gama karantawa na koma a guje, aka ce magana ta riga ta wuce wurin hukumar Tasawa. Niyyata alheri ce, Allah ne shaida. Ki gafarta mini.

Yayanki,
Gado

Korgom, 20 ga Nuwamba

Yaya Gado,

Na amsa gaisuwa.

Ranar Alhamis sojojin hukuma suka zo, saura kwana guda. Ba su tambayi kowa komai ba. Da igiya ɗaya suka ɗaure uban Biba da Na Allah, suka jefa su mota. Har yau ba mu san inda aka kai su ba. Na ɗauka Hassana za ta tofa mini yawu, sai ta kawo mini ruwa, muka zauna tare a ƙofar zauren. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Ga littafinka nan na ba direba. Saura shafi goma sha biyu ban karanta ba. Kada ka gaya mini ko ya fito da ita.

Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙanwarka,
Tanna